Ƙahon Akuya a Ƙarƙashin Bindiga: Daga Harbi Ɗaya Zuwa Talatin

Abin da ke gabanka bayani ne da muka yi a filin tarihi na wannan gidan rediyo, aka ɗan gyara shi don takarda. Mafarinsa kuwa tambaya ce da wani dattijo makiyayi ya aiko mana ta wayar ɗansa. Ya ce shi ya tashi ya tarar da baka da kwari a kafaɗar mahaifinsa, ya ga bindigar toka a hannun maharba, ya ga doguwar bindigar 'yan sanda mai katako har kusa da baki. To, wannan da ta hana mu barci yanzu, me ya sa abin da ke rataye a ƙarƙashinta ya lanƙwashe kamar ƙaho? Ado ne, ko da dalili?

Baba, da dalili. Ba kai kaɗai ka ga ƙaho a wurin ba ma: can ƙasar Meziko, sunan da suke kiran Kalashinkof da shi ke nan, ƙahon akuya. Wannan abin shi ne gidan harsashi, wasu su ce magazin. Kwarin bindiga ke nan. Siffarsa da yawan abin da yake ɗauka suna da tarihi na fiye da shekara 150, kuma tarihin ya bi ta kan kakanninmu kafin ya iso kanmu.

Ka fara tuno bindigar toka. Ka zuba albarushi ta baki, ka cusa tsumma, ka sa dalma, ka danna da sanda, sannan ka saita. Ba banza ba Bahaushe ya ce mata harba-ka-ruga. Sojan Turai da aka horar da shi shekara da shekaru, da irin wannan bindiga sau uku yake iya harbi a minti ɗaya, in ya yi ƙoƙari. Gwanin baka ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Tsakanin harbi da harbi akwai tazara, kuma a cikin wannan tazara ake yin komai. A nan mai doki ke cim ma mai bindiga. A nan wanda aka kuskure ke faɗawa daji. A nan dattijo ke shiga tsakani ya ce kai, ku ji tsoron Allah. Ka riƙe wannan tazara a zuciyarka, don duk wahalar da maƙeran Turawa suka sha a kan gidan harsashi, ita suke son toshewa.

Dabarar farko da ta karɓu ita ce bututu. A 1860, a Amurka, aka fito da bindigogi biyu. Ɗaya ta wani mai suna Spencer, tana ɗaukar harsashi bakwai a cikin bututun da aka ɓoye a katakon gindinta. Ɗaya kuma ta Henry, tana ɗaukar goma sha biyar a bututun da ke kwance ƙarƙashin na harbi. Harsasan a jere suke, kan wannan a gindin wancan, kamar jerin raƙuman azalai, sifirin na tura su ɗaya bayan ɗaya. Shekara ta zagayo yaƙin basasarsu ya ɓarke. Sai ka ce ai sojoji rububinsu za su yi ko? Ina! Babban jami'in da ke kula da makaman sojan Arewacin Amurka, Janar Ripley, ƙin su ya yi. Tsoronsa shi ne soja zai ɓarnatar da harsashi, kuma kowane harsashi sai alfadari ya ɗauko shi zuwa fagen fama. Kai da ke lodin kaya ka san wannan lissafi: abin da aka kashe a gaba, wani ne ya ɗauko shi a baya. Wannan tsoro na manyan hafsoshi ya daɗe yana danne yawan harsashin da ake yarda soja ya riƙe, za ka sake jin sa.

Abin da ya farkar da Turai shi ne yaƙin Filebna a 1877, a ƙasar da yanzu ake kira Bulgeriya. Sojan Daular Usmaniyya ƙarƙashin Usman Fasha suka tare Rashawa wata da watanni. Wasunsu na riƙe da Winchester, jikar bindigar Henry, sai su bari abokan gaba su matso kusa sannan su yi musu ruwan wuta. Daga ƙarshe garin ya faɗi, amma kowace gwamnati ta ɗauki darasi.

Sai dai bututu na da aibi. In tsinin harsashin baya na tokare da gindin na gaba, to yana tokare ne daidai kan ɗan ƙyastun da ke tayar da albarushi. Bindiga ta yi tsalle da ƙarfi, ana iya samun fashewa a hannun mai ita. Shi ya sa harsasan irin waɗannan bindigogi kansu a daƙushe yake. Ga wahalar cikawa ɗaya-ɗaya, ga nauyin bindiga na sauyawa duk sa'ad da bututun ya ragu. Faransawa sun nace wa bututu a bindigarsu Lebel ta 1886, mai ɗaukar takwas, wadda ita ce ta farko da ta yi aiki da albarushi marar hayaƙi. Da suka koma harsashi mai tsini sai da suka yi ɗan kwarmi kewaye da ƙyastun don tsinin na baya ya sami wurin fakewa. Yau inda za ka fi ganin bututu shi ne bindigar farauta irin ta 'yan banga, wadda ake ja wa hannu gaba da baya, don harsashinta ba tsini.

Wanda ya kawo akwati shi ne James Lee, haifaffen Sikotilan da ya girma a Kanada ya yi sana'a a Amurka. A 1879 ya yi rajistar wata dabara: ɗan akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tsakiyar bindiga, harsasai kwance ɗaya bisa ɗaya kamar buhuna a sito, sifirin na ɗago su daga ƙasa, kuma ana iya zare akwatin a sa wani. Tsini ba ya taɓa gindin kowa. Duk gidan harsashin da ka taɓa gani a shingen jandarma ko na soja, jikan wannan akwati ne.

Ingila ta karɓi dabarar a 1888, a bindigar Lee-Metford. Da farko takwas take ɗauka a layi ɗaya, daga baya aka jera su layi biyu a karkace, suka zama goma. To amma ka ji aikin hafsoshi. Na farkon sai da aka ɗaure akwatin da 'yar sarƙa a jikin bindiga, kada soja ya yar. Sannan aka sa wani ɗan murfi da ke toshe bakinsa, soja ya riƙa sa harsashi ɗaya-ɗaya da hannu, goman nan na ajiye sai hafsa ya ba da umurni. Kamar a ba ka rumbu cike da gero a ce mabuɗin na hannun wani. Sai a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya aka fara barin wannan murfi. Jamusawa kuwa, a bindigarsu Mauser, biyar suka tsaya a kai, akwatin a ɓoye cikin katako ba ya leƙowa, ana cika shi ta sama da ɗan siririn ƙarfe mai jere da harsashi biyar, a danna da babban yatsa sau ɗaya.

Yanzu bari mu dawo gida, don a daidai waɗannan shekaru ne Turawa ke rabon ƙasashenmu.

A 1890 manyan ƙasashe suka zauna a Birasal ta Beljiyam suka sa hannu a wata yarjejeniya da aka ce ta hana cinikin bayi ce. A cikinta akwai sharaɗin makamai: a faɗin Afirka, daga cikin Sahara har kusa da ƙarshen kudu, kada a sayar wa mutanen ƙasa bindigar zamani. Abin da aka bari a kasuwa shi ne bindiga mai ƙanƙara da albarushin toka. Ka gane ko? Su sun toshe tazararsu, mu an bar mana tamu. Sakamakon ya bayyana a Omdurman ta Sudan ranar 2 ga Satumba, 1898. Ansaru suka taso da tutoci da masu da takubba da bindigogin da suka samu, Turawan Ingila na jiransu da Lee-Metford, da igwa, da bindigar Maxim mai cin jigidar harsashi 250. Kafin azahar an kashe Ansaru wajen dubu goma, na ɓangaren Kitchener kuwa waɗanda suka mutu ba su kai hamsin ba. Wani abin lura: bataliyoyin Masarawa da na Sudawa da ke yaƙi a gefen Ingila, Martini-Henry aka ba su, mai cin harsashi ɗaya. Ko a cikin rundunar ma, mai akwati ta Bature ce.

Shekara biyar bayan haka abin ya iso mu. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, sannan Burmi ranar 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta tare da ɗaruruwan mutanensa. Ba rashin zuciya ba ne. Barde mai lifidi ya gaji yaƙin da in ka jure harbin farko, ka isa ga mai bindiga kafin ya sake ɗurawa. Ya sukwano ya tarar babu wannan lokaci, wutar ba ta yankewa.

A ɓangaren Faransa ma akwai abin dubawa. A 1907 suka ƙera wata bindiga ƙirar Berthier musamman don baƙaƙen sojojinsu da ake kira tirayar. Harsashi uku take ɗauka. Uku! Sai a 1916, da yaƙin Turai ya yi zafi, aka mai da ita mai biyar. A ƙarshen wannan shekara kuma Kawsan ya zo ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, daga Disamba har Maris na 1917. Abin da ya ba shi wannan ƙarfi shi ne ya zo da bindigogin zamani da igwa waɗanda aka ƙwace daga Italiyawa a Libiya. Ka riƙe wannan ma: makamin Libiya ya taɓa gangarowa kudu tun kafin a haifi Gaddafi. Su kuwa kakanninmu 'yan Bama, da aka kwasa daga Najeriya da Gwalkwas zuwa yaƙi da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, Lee-Enfield mai goma suka riƙe. Dangin wannan ce doguwar bindigar da Baba ya gani hannun 'yan sanda, wadda ake ce wa mak fo. Ana bukatar sojan Ingila ya yi harbi goma sha biyar da saiti a minti ɗaya da ita. Daga uku an kai goma sha biyar ke nan.

To, sai maganar ƙaho.

Ka ɗauki masara guda talatin da aka ɓare, ka jera su a tabarma gefe da gefe, duk gindin na fuskantar gabas, duk tsinin na fuskantar yamma, ka matse su. Layin ba zai miƙe ba. Tun da gindi ya fi kai kauri, jerin zai riƙa karkata har ya yi baka. Mai lodin doya ya san maganin abin: ya juya wannan kai, wancan gindi, sai lodi ya daidaita. Amma harsashi ba a juya shi, dole kowanne ya fuskanci bakin bindiga. Saboda haka akwatin ne ke bin siffar abin da ke cikinsa. In kwanson harsashi ya tsuke sosai daga gindi zuwa kafaɗa, ko yana da leɓe mai faɗi a gindi, gidansa zai lanƙwashe. In kusan miƙaƙƙe ne kamar alli, gidansa zai miƙe. A akwati mai biyar ba ka lura, sai jeri ya yi tsawo.

Misali mafi ban dariya, in har akwai dariya a wannan sha'ani, shi ne Chauchat ta Faransa, ta 1915. Harsashin Lebel gindinsa kamar tulu yake, ga leɓe, don haka da aka jera ashirin sai gidan ya zama rabin wata sosai, ya zagayo kusan ya taɓa bindigar ta gaba. Suka kuma huda masa tagogi a gefe don a ga sauran nawa. A ramukan yaƙin Faransa kuwa ba abin da ya fi taɓo yawa. Taɓo ya shiga ta taga, bindiga ta cije, mai ita ya mutu da harsashi a hannu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta Bren, wadda 'yan Bama suka san ta sarai, mai ɗauke da gidanta a bisa kai kamar tallan nono. Asalinta ƙirar Cekosulobakiya ce, kuma a can gidanta miƙaƙƙe ne mai ashirin, don harsashin Jamus take ci, marar leɓe. Da Ingila ta saye ƙirar ta mai da ita mai cin nata harsashin mai leɓe, sai gidan ya lanƙwashe, mai talatin. Bayan yaƙi aka sake mai da ita mai cin sabon harsashin ƙungiyar NATO, sai gidan ya koma kusan a miƙe. Bindiga ɗaya, gida uku, kuma kowane karo harsashi ne ya yanke hukunci.

An gwada wasu siffofi. Bindigar Lewis faranti take ɗorawa a ka, mai 47. Rashawa a 1941 sun fito da wata gajera mai gwangwani zagayayye kamar ƙaramar ganga, mai 71. Daɗin ji a baki, amma ga nauyi, ga jinkirin cikawa, ga tsadar ƙira, har su da kansu suka koma wa akwati mai 35.

Talatin ɗin nan da ta zama kamar doka, daga Yaƙin Duniya na Biyu ta fito. Jamusawa suka lura yawancin faɗa ba ya wuce tazarar mita 300 zuwa 400, alhali harsashin da soja ke ɗauka an yi shi ne don ya kai fiye da kilomita. Asarar nauyi ke nan. Sai suka gajarta harsashin, suka yi masa bindiga mai harbi a jere da gida mai talatin, wadda aka sa wa suna a 1944. Rashawa ma a 1943 suka tsara nasu gajeren harsashin, mai kaurin milimita 7.62 da kwanso mai tsawon milimita 39. Bindigar farko da ta yaɗu da shi, SKS, goma take ɗauka a gidan da ba a zarewa. Sai ta Mikha'il Kalashinkof, wani tsohon sojan tanka da aka haifa a 1919, wadda sojan Tarayyar Sobiyat ya karɓa a 1949.

Kwanson wannan harsashi da gangan aka tsuke shi. Daga gindi zuwa kafaɗa ya ragu da fiye da milimita ɗaya. Dalili kuwa, abin da ya tsuke ya fi saurin zarewa. Ka tuna turke: in mai tsini ne, girgiza ɗaya ya saki ƙasa, in miƙaƙƙe ne sai ka yi gumi. Su suna tunanin ƙanƙarar Rasha da taɓonta, da kwanson ƙarfe mai arha maimakon tagulla, da sojan ƙauye da ba zai riƙa goge bindiga kullum ba. Wannan milimita ɗaya, a jera ta sau talatin, ita ce ƙahon da Baba ya gani. Abin da aka yi don dusar ƙanƙara kuma shi ya zo ya dace da ƙurar hunturunmu da rairayin Tenere, abin takaici. Na farkon ma da ƙarfe mai kauri aka yi su, fanko kawai ya kusa rabin kilo, leɓensa ba ya lotsewa da wuri. Daga baya aka rage nauyi da yi masa ƙirji-ƙirji a jiki, sannan aka yi na roba mai launin jan ƙasa. A 1974 da suka koma ƙaramin harsashi na milimita 5.45, wanda bai tsuke kamar na da ba, lanƙwasar ta ragu. Siffar dai ta riga ta zama tambari, har tana kan tutar Mozambik.

Ƙasashen Yamma wata hanya suka bi. Sun tsaya kan babban harsashi, mai kwanso milimita 51, wanda tsukewarsa ba ta kai rabin milimita ba. Shi ya sa G3 ta Jamus da FAL ta Beljiyam, waɗanda sojan Najeriya ya daɗe da su, har an harhaɗa FAL a masana'antar makamai ta Kaduna, gidajensu gajeru ne miƙaƙƙu kamar sandar sabulu. Ashirin suke ɗauka, don kowane harsashi ya kusa giram 25, alhali na Kalash bai fi 16 da 'yan kai ba. Ta Amurka, M16, da ashirin ta fara a yaƙin Biyatnam, kuma sojoji da yawa goma sha takwas suke sawa don tsoron cijewa. Da suka so talatin sai suka tarar ramin da gidan ke shiga a jikin bindigar miƙaƙƙe ne, dole aka yi shi a miƙe ta sama, a lanƙwashe ta ƙasa, kamar sandar makiyayi mai gwiwa. Ta sojan Faransa da mutanen Cadi da Nijar suka saba gani, FAMAS, ashirin da biyar ce, a miƙe.

Za ka ce to me ya hana hamsin, ko ɗari? Akwai su, mai arba'in da gwangwani mai 75 duk an yi wa dangin Kalash. Amma soja kwanciya yake yi rubda ciki in ana wuta, kuma in gida ya cika tsawo zai tokare ƙasa ya ɗaga masa kai, kai kuwa shi ake nema. Ga sifirin: wanda zai ɗaga hamsin in ya cika, ya kuma tura na ƙarshe da ƙarfi in ya kusa ƙarewa, da wuya a same shi. Ga nauyi, mai talatin ma a cike ya kusa kilo. Talatin sulhu ce tsakanin ƙasa, da ƙarfe, da bayan ɗan Adam.

Yadda abin ya cika mana dazuka, kai ganau ne. Yaƙe-yaƙen Cadi sun zubo nasu, musamman bayan 1987 da 'yan Cadi suka ƙwace sansanin Libiya na Wadi Dum da tulin makamansa. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta buɗe rumbuna. Kuma kada mu ɗora wa Libiya komai: masu bin diddigin lambobin da ke jikin makaman da aka kama sun nuna wasu daga ma'ajiyar gwamnatocin yankin nan suka fita, ta ƙwace a fagen fama ko ta hannun maciya amana.

Ga lissafin da nake so ka yi da kanka. Kalash na harba kimanin 600 a minti in an sake ta. Talatin ke nan a sakan uku. Kafin ka gama cewa innalillahi wa inna ilaihi raji'un gidan ya ƙare, kuma sa wani ba ya ɗaukar lokacin da za ka ɗaura rawani. A zamanin mahaifin Baba, in shanu suka shiga gona ko aka yi sa-in-sa a bakin rijiya, sanda ce, in ta yi muni kibiya ko harbi ɗaya na toka. A sami rauni, wani lokaci rai ɗaya, arɗo da maigari su zauna, a yi diyya, a koma kasuwa tare ran Laraba. Fushin mutum bai ƙaru ba daga wancan lokaci zuwa yau, ni dai ban yarda mun fi kakanninmu zafin zuciya ba. Abin da yaro ɗan shekara sha biyar zai iya aikatawa kafin fushin ya sauka, shi ne ya ninku. Rai goma sha a gida ɗaya, wa zai zauna ya yi diyyarsa? Ta haka kasuwanni suka mutu, burtali ya zama abin tsoro, mai shanu ɗari ya wayi gari da sanda kawai.

Wasu ƙasashe sun gane cewa yawan da gida ke ɗauka shi ne zancen, har suka sa shi a doka. Amurka ta hana ƙera wa farar hula mai fiye da goma daga 1994 zuwa 2004, sannan dokar ta ƙare ba a sabunta ba, sai wasu jihohi suka riƙe tasu. A Kanada yawancin manyan bindigogi masu ɗura kansu biyar aka yarda. Niyu Zilan ta tsaurara tata cikin makonni bayan wani ya kashe mutum 51 a masallatai biyu na birnin Kiraiscoc ranar Juma'a, 15 ga Maris, 2019. Masu goyon bayan irin wannan doka suna kafa hujja da abin da ya faru a Tuson ta Amurka a 2011: wani ya buɗe wa taro wuta, kuma a daidai lokacin da gidansa ya ƙare yana laluben wani ne mutane suka danne shi. Masu suka kuma suna cewa ɗan ta'adda ba ya bin doka, kuma canza gida ba ya ɗaukar lokaci. Kowanne na da abin faɗa. Amma ka lura a kan me suke jayayya: tazarar nan ce dai, ta harba-ka-ruga.

Kai kuma ɗan kasuwa, ga taka. Gidan harsashi ya fi bindiga saurin lalacewa da ɓata, saboda haka kullum ana nemansa, kuma ya fi ta sauƙin ɓoyewa. Yarjejeniyar ƙananan makamai da ƙasashen Yammacin Afirka suka sa wa hannu a Abuja a Yunin 2006 ba bindiga kaɗai ta ambata ba, ta haɗa da harsashi da sassan da bindiga ke aiki da su. Nijar tana da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, Najeriya na da dokar bindigogi tun 1959. Ko a Jibiya aka tsayar da kai ko a Ɗan Isa, ko Illela ko Ƙwanni, in aka zazzage buhu aka ga ƙahon nan, ko fanko ne, ba jami'in da zai karɓi cewa ƙarfen gwangwan ka ɗauko. Wanda ya tare ka a tasha da ɗinkakken buhu ya ce kai wa ƙanena, ya kuma ba ka kuɗin mota ninki uku, ka ce ya farke bakin a gabanka. Mai talatin na Kalash tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu ba, guda goma na shigewa tsakiyar buhun gero ba tare da buhun ya sake siffa ba.